Shin injin RO zai iya tace ruwan dagwalon majema har a sake aiki da shi?

Ɗan Majema ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina kula da sashen jiƙa da jima a wata matsakaiciyar majema da ke yankin masana'antu na Challawa a Kano, inda muke sarrafa fatun awaki da na tumaki zuwa matakin wet bulu, wato fatar da aka jeme da sinadarin kurom tana nan da danshinta, kafin a sayar da su. Matsalar ruwa ce ta kawo ni, kuma ta fuska biyu take damunmu. Rijiyoyin burtsatsenmu suna ja da baya daga watan Maris har zuwa faɗuwar damina, ta yadda sai mun sayi ruwa a tanka, alhali jimar tan guda na ɗanyar fata takan ci kubik mita 30 zuwa 40 na ruwa idan an bi hanyar da aka saba. Sannan ruwan da muke zubarwa, da na jiƙa mai gishiri, da na cire gashi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, da shuɗin ruwan kurom da ke fitowa daga durom, wato manyan gangunan jima, duk kwata guda suke bi su taru a ramin kwantarwa, kuma duk wanda ya san yankin ya san cewa abin da ya malala daga irin waɗannan ramuka kogin Challawa yake nufa, inda jama'a suke noman rani da shayar da dabbobi.

Kwanan nan wani dillalin kayan tace ruwa ya kawo wa mai kamfaninmu tayin babban injin RO mai tace ruwa ta cikin tantani, irin wanda masu fiyawota suke amfani da shi amma ya ninka shi girma. Ya ce za a zuƙo ruwa daga ramin kai tsaye, injin ya tace shi tas, mu mayar da shi cikin durom, mu huta da sayen ruwa da kuma takardun gargaɗi na hukumomin muhalli. Ya kafa hujja da ƙasar Singafo, wadda ya ce da irin wannan injin take mayar da ruwan masai ya zama na sha. Alhaji ya karkata ga tayin, ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba, domin na san abin da ke cikin ramin nan, kuma ina ganin yadda kitse da guntayen nama suke toshe famfon da ke zuƙarsa.

Don haka ina neman masana su yi mini bayani. Shin tantanin RO zai jure irin wannan ruwa? Idan zai jure, ina kurom ɗin da gishirin za su tafi bayan an tace? Kuma idan akwai abin da ya kamata a fara yi kafin a kai ga sayen injin, mene ne shi? Allah ya saka da alheri.

Injiniyan Ruwa ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Majema. Rashin kwanciyar zuciyarka yana kan hanya. RO zai iya fitar da ruwa mai kyau daga dagwalon majema, ana kuma yin hakan a wasu ƙasashe, sai dai shi ne matakin ƙarshe a jerin matakai masu yawa, kuma idan aka jona shi da ramin da ka siffanta kai tsaye, tantanin zai toshe tun kafin a gama biyan kuɗin dakonsa.

Tantanin tace ruwa iri huɗu ne, kuma girman ƙofofinsu ne ya bambanta su. Mafi faɗin ƙofa shi ne MF, daga kimanin maikiron 0.1 zuwa sama, yana tare laka da yawancin ƙwayoyin bakteriya. Domin a gane ƙanƙantar wannan awo, kaurin gashin kan mutum kimanin maikiron 70 ne. Sai UF, daga maikiron 0.01 zuwa 0.1, wanda yake tare ƙwayoyin bairos da manyan sinadarai irin furotin da ke narkewa daga jikin fata. Waɗannan biyun ba sa bukatar matsi mai yawa, bar 1 zuwa 5 a ma'aunin matsi yakan wadatar, amma gishiri yana ratsa su kamar babu su. Na uku shi ne NF, wanda yake da wata ɗabi'a mai amfani ga majema: yana tare kurom da salfet sosai, yana kuma barin kaso mai yawa na gishirin girki ya wuce. Na huɗu shi ne RO, wanda ba shi da ƙofofi a ma'anar da muka sani, ruwa yana ratsa jikin tantanin ne da ƙarfin matsi, kusan duk wani narkakken abu kuma ya tsaya a baya. Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan ne suka samar da tantanin RO na farko mai amfanin kasuwa a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis wajen 1960, amma wanda ke cikin injunan yau shi ne na foliyamaid da John Cadotte ya ƙirƙiro a shekarun 1970. Shimfiɗar da ke yin ainihin tacewar a cikinsa ba ta kai kaurin maikiron guda ba, kitse yana manne mata, kulorin kuma yana cinye ta. Wannan ce za a sa ta fuskanci ruwan raminku.

Abin da dillalai ba su cika faɗa ba shi ne tantani ba ya kashe guba, raba ta kawai yake yi da ruwa. Idan mace ta tankaɗe gari, tsakin yana nan a cikin rariya, dole ta san inda za ta kai shi. A ce kuna tura kubik mita 100 a rana cikin RO, ya ba ku 75 mai kyau, wanda shi ne abin da ake fata idan komai ya tafi daidai. Za a bar ku da kubik mita 25 ɗauke da kusan dukkan gishiri da kurom da ke cikin ɗarin nan, wato ƙarfinsu ya ninka sau huɗu. Idan wannan ragowar ta koma kwata, nauyin gubar da ke isa kogi bai ragu da ko kilo guda ba, an dai rage ruwan da ke tsarma ta. Ka tambayi dillalin inda ya tanada wa wannan ragowar, ka ji amsarsa.

Gishirin yana da wata illa ta daban. Kowane giram guda na gishiri a cikin lita yana ƙara kimanin bar 0.8 a kan matsin da famfo zai rinjaya kafin ɗigo guda ya ratsa tantanin. Ruwan teku yana da giram 35 a lita, shi ya sa ake tura shi da bar 55 zuwa 80, ana kuma kashe wutar kilowat-awa 3 zuwa 4 a kan kowane kubik mita. Ruwan jiƙa na farko, wanda ya wanke gishirin da aka adana fata da shi, yakan kusanci ruwan teku, kuma haɗaɗɗen ruwan majema yakan wuce giram 10 a lita. Injin da aka ƙera domin ruwan burtsatse, mai aiki da bar 10 zuwa 15, ba zai iya da shi ba.

Shawarata ita ce ku fara da fasa kwatar nan gida uku kafin ku sayi komai. Ruwan kurom ya bi hanyarsa shi kaɗai. A jimar da aka saba, fata takan sha kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kurom ɗin da aka zuba, sauran kuma yana tafiya a shuɗin ruwan da ka ambata, wato kusan sulusin sinadarin da Alhaji yake saya da dala yana bin kwata. Hanyar ƙwato shi tsohuwa ce kuma mai sauƙi: a tara ruwan a tanki, a zuba magniziyam oksaid ana motsawa a hankali, kurom ya kwanta a ƙasa ya zama laka mai kauri, a tsiyaye ruwan sama, a narkar da lakar da salfurik asid, a haɗa da sabon kurom a mayar cikin durom. Ana kuma iya amfani da tantanin NF a wannan gurbi, ya tattara kurom a gefe guda, ruwan gishirin da ya ratsa kuma a mayar da shi wajen tsima fata da asid kafin jima.

Ruwan cire gashi, mai laim, wato farar ƙasa, da salfayid, shi ma ya bi tasa hanyar, kuma wannan batun rai ne. Idan ya haɗu da ruwa mai asid irin na kurom, yana sakin iskar haidurojin salfayid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda idan ta yi yawa takan kashe jin warin hanci sannan ta kashe mutum, kuma ta fi iska nauyi, don haka a ƙasan rami take taruwa inda leburori suke shiga kwasar laka. Ana maganin salfayid ɗin ta hanyar hura masa iska na sa'o'i tare da ɗan manganis salfet.

Bayan wannan ne sauran ruwan zai bi matakansa: raga mai tare gashi da guntaye, tarkon kitse, tankin daidaitawa, alam domin kwantar da laka, sannan tankin bakteriya masu cinye narkakken datti. A nan ne tantani yake fara shigowa da hujja. Akwai tsarin da ake kira MBR, inda ake nutsar da tantanin MF ko UF a cikin tankin bakteriyar ana zuƙo ruwa ta cikinsa, tsarin da Kazuo Yamamoto da abokan aikinsa suka gabatar a Japan a 1989. Ruwan da ke fita daga MBR garau yake, ba laka, kuma shi ne ya cancanci a kai wa RO.

Mai Fiyawota ya rubuta:

Salamu alaikum. Ni ba masanin majema ba ne, amma da injin RO nake neman abincina, kuma ina so in ƙara wa Malam Ɗan Majema abin da ake gani a ɗakin injin. Ruwan da nake tacewa na burtsatse ne, wanda mutum zai iya sha ma ba tare da tacewa ba, duk da haka sai ya bi ta tankin yashi, ya bi ta tankin gawayi, ya bi ta kandir mai maikiron 5, kafin in yarda ya taɓa tantanin. Idan damina ta yi nisa ruwan ya ɗan gurɓace, kandir ɗin da aka sa fari fat yakan koma ruwan ƙasa cikin ɗan lokaci, kuma wanda ya yi ƙyashin canza shi zai biya da tantani.

Alamar toshewa a agogon matsi ake ganinta. Tazarar da ke tsakanin allurar shiga da ta fita tana ƙaruwa, ruwan da ke zuba a tankin ajiya yana raguwa, na'urar auna gishiri ta hannu kuma tana nuna lamba tana hawa. Ƙa'idar masu ƙera tantanin ita ce a wanke shi da zarar ruwan da yake bayarwa ya ragu da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, da sitirik asid idan ɓawon farin dutse ne ya kama shi, da ruwan soda idan yauƙi ne. Wanda ya jinkirta har ya ragu da rabi, wanki ba zai dawo da shi ba. Idan aka zaro tantanin da ya mutu daga bututunsa, za a ji ya yi nauyi fiye da sabo, bakinsa ya cika da yauƙi mai ruwan ƙasa mai ƙarni, idan kuma aka yanka shi aka warware naɗin za a ga ragar da ke tsakanin shimfiɗun ta liƙe gaba ɗaya. Wannan fa da ruwan rijiya ke nan.

Abu na biyu shi ne wuta. Tantani ba ya son tsayawa. Idan aka ɗauke wuta ruwa mai gishiri ya kwana a cikinsa ba a ɗauraye ba, ɓawo yana kamawa, bakteriya kuma suna yaɗuwa, musamman a zafin Afrilu. Idan za a daɗe ba a kunna ba, sai an cika shi da ruwan sodiyam metabaisalfait. Zafin ma kansa abin lura ne, domin yawancin tantanin RO ba a so ruwan da ke shigarsa ya wuce digiri 45, kuma gwargwadon ɗumin ruwa gwargwadon gishirin da ke kuɓucewa, saboda haka baƙin tankin roba da aka ajiye a rana ba abokin tafiya ba ne. Tun da kuɗin wutar layin Band A ya koma naira 225 a kan kilowat-awa a watan Afrilun 2024, lissafin duk mai injin ya canza, wanda ke kan dizal kuwa ba a magana.

A ƙarshe, a yi hattara da kasuwa. An taɓa sayar mini da tsohon tantani da aka wanke aka sake naɗe shi a leda kamar sabo. Sabon tantani yana da lamba a jikinsa, a nemi dillali ya rubuta ta a rasit.

Malamar Kimiyya ta rubuta:

Assalamu alaikum. Na yarda da jerin matakan da Injiniya ya kawo, amma ina da ja a wuri biyu, kuma ina ganin ya yi wa RO sassauci.

Na farko shi ne batun sa NF a kan ruwan kurom. Gaskiya ne an gwada shi, musamman a Italiya, kuma ya yi aiki, amma ruwan da ke fita daga durom yana ɗauke da kitse da furotin da zaren fata, kuma asid ɗinsa yana wajen pH 4, don haka sai an sa masa UF a gaba, a kuma sami ma'aikacin da ya san wankin tantani biyu mabambanta. Hanyar magniziyam oksaid tanki biyu ce da injin motsawa, maƙerin Kano zai iya haɗa su, kuma idan aka ɗauke wuta babu abin da zai lalace. Ban ga dalilin da zai sa matsakaiciyar majema ta bar wannan ta kama wancan ba. A Santa Croce sull'Arno, cibiyar jima ta yankin Tuskani a Italiya, majemu suna tura ruwan kurom ɗinsu ne zuwa wurin ƙwatowa guda na haɗin gwiwa, a dawo musu da sinadarin su sake aiki da shi.

Na biyu, kuma mafi muhimmanci, shi ne makomar ragowar RO, wadda Injiniya ya ce a tambayi dillali. Indiya ta riga ta ba da amsa a aikace. A jihar Tamil Nadu, majemun Ranipet da Ambur da Vaniyambadi sun ɓata kogin Palar da rijiyoyin manoma da gishiri, har Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a 1996 cewa wanda ya gurɓata shi zai biya. Daga baya aka tilasta musu tsarin hana zubar da ko ɗigo guda, wato tacewa da bakteriya, sai UF, sai RO, sannan a dafa ragowar a manyan tukwanen tururi har ta zama busasshen gishiri. A 2011 Babbar Kotun Madras ta rufe ɗaruruwan marinan zamani na garin Tiruppur saboda kogin Noyyal, su ma suka bi wannan hanya. Tsarin yana dawo da mafi yawan ruwan, wannan ba a musu. Amma dafa ragowar shi ne ya fi komai cin makamashi, gishirin da ke fita daga majemu kuma gauraye yake da wasu sinadarai, ba ya sayuwa cikin sauƙi, sai aka riƙa jibge shi a rumfuna ana neman yadda za a yi da shi. Kuma yawancin majemun ba kowace da injinta ba, matatar haɗin gwiwa suke turawa.

Misalin Singafo da dillalin ya kawo gaskiya ne, amma ba a muhallinsa ba. Ruwan NEWater, wanda aka buɗe matatunsa na farko a 2003, ana yin sa ne daga ruwan da ya riga ya bi cikakkiyar matatar gari, sannan ya bi MF ko UF, ya bi RO, ya bi hasken UV mai kashe ƙwayoyin cuta, ragowar kuma teku ake kai ta, domin tsibiri ne. Kano ba ta da teku. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Windhoek, babban birnin Namibiya, wanda yake cikin ƙasa mai fari nesa da gaɓa. Tun 1968 suke mayar da ruwan gidaje ya zama na sha a Goreangab, kuma sabuwar matatar da suka buɗe a 2002, mai tace kubik mita 21,000 a rana, tana amfani da UF ne tare da ozon da gawayi, babu RO a cikinta. Ruwan masana'antu kuwa, har da na majema da mayanka, ba sa barin ya shiga wannan layi, matatarsa daban ce a Ujams, wadda take aiki da MBR tun 2014, ruwanta kuma ban ruwa ake yi da shi.

Akwai gargaɗi guda game da kurom da nake so Malam Ɗan Majema ya kai wa ma'aikatansa. Wanda ake jima da shi kurom mai daraja uku ne, kuma gubarsa ba ta kai ta mai daraja shida ba, wanda yake haddasa ciwon daji. Sai dai na ukun yana iya rikiɗewa ya koma na shida idan aka zuba masa bilic ko kulorin, ko aka ƙona lakarsa da guntayen wet bulu a fili. Don haka kada wani ya ce zai kashe warin ramin da bilic. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga kurom a ruwan sha miligiram 0.05 ne a lita, alhali ruwan da ke fita daga durom yana ɗauke da dubbai. Dokar da ta shafe ku kai tsaye ita ce ƙa'idar hukumar muhalli ta tarayya, NESREA, ta 2009 kan masana'antun saƙa da tufafi da fata da takalma, ya kamata a sami kwafinta a ofishinku.

A ganina, majema irin taku ta ƙwato kurom, ta kashe salfayid, ta rage gishiri tun daga tushe ta hanyar kakkaɓe shi daga jikin fata kafin jiƙa da kuma karɓar ɗanyar fata kai tsaye daga mayanka idan hali ya yi, ta kuma daina wanki da famfo a buɗe. RO kuwa a bar shi sai ranar da majemun Challawa da Sharaɗa za su haɗa kai a kan matata guda.

Ɗan Majema ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Injiniya da Malama da ɗan'uwa Mai Fiyawota. Batun raba kwata da ƙwato kurom zan iya shawo kan Alhaji a kansa, tunda kuɗi ne zai dawo aljihunsa. Sai dai ƙarancin ruwa a bazara yana nan, kuma haɗin kan majemu ba abu ne da zan iya jira ba. Tambayata ita ce, idan muka gama waɗancan matakai muka ga har yanzu muna bukatar RO, ba za mu iya haƙa tafki mu zuba ragowar rana ta busar da ita ba, tunda rana ba ta yi mana rowa ba? Kuma waɗanne gwaje-gwaje ya kamata mu yi wa ruwan kafin mu sake zama da dillalin?

Injiniyan Ruwa ya rubuta:

Malama ta yi gaskiya a kan magniziyam oksaid, shi ya fi dacewa da ku. Inda ban bi ta ba shi ne jiran matatar haɗin gwiwa, domin akwai tsaka-tsaki. Ba kowane aiki a majema ne yake bukatar ruwan RO ba. Ruwan da ya fita daga MBR, ko daga tankin bakteriya da UF a bayansa, ya isa a yi jiƙan farko da shi, a wanke daɓe da durom, tunda fatar da za a jiƙa ma cike take da gishiri. Sai a sayi ƙaramin RO domin ruwan sashen da ya fi ƙarancin gishiri kaɗai, a keɓe ruwan jiƙa daga gare shi. Ta haka injin zai yi aiki da matsi kaɗan, ragowarsa kuma ta ragu.

Tafkin busarwa yana yiwuwa, amma a yi lissafin fili tukuna. Mu ɗauka rana tana busar da milimita 5 a kullum, tunda ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi jinkirin bushewa. Kowane murabba'in mita zai ɗauke lita 5 ke nan, saboda haka kubik mita 25 na misalinmu na farko yana bukatar murabba'in mita 5,000, wato rabin hekta. Dole a shimfiɗa wa tafkin roba mai kauri, in ba haka ba gishirin zai gangara cikin burtsatsenku da na maƙwabta. Dole kuma a ba shi zurfin da zai riƙe ragowar da ruwan sama tare daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da bushewa take raguwa sosai, domin tafkin da ya yi ambaliya a watan Agusta ya mayar da aikin shekara guda cikin kogi a dare ɗaya. Busasshen gishirin ma sai an tanadar masa rumfa mai daɓen siminti.

Game da gwaji, kada a ɗebi kwalba guda daga saman rami a ce an auna. A ɗebi ruwan kowane sashe daban, a lokuta mabambanta na ranar aiki, a ranakun jiƙa da ranakun jima. A auna pH, da jimillar narkakken gishiri, da kuloraid, da salfet, da salfayid, da kurom, da kitse, da COD da BOD, wato ma'aunan yawan narkakken datti, da ammoniya, da kalsiyam, wanda laim ɗinku yake ƙarawa kuma shi ne yake haifar da ɓawo a jikin tantani. Jami'ar Bayero da cibiyar nazarin fata ta NILEST da ke Samaru a Zariya wurare ne da za ku iya tuntuɓa. A kuma auna yawan ruwan da kowane sashe yake zubarwa, ko da da durom da agogo ne. Kafin ruwa ya shiga RO akwai gwajin toshewa da ake kira SDI, wanda masu ƙera tantani suke so ya kasance ƙasa da 5, an kuma fi son ƙasa da 3.

Idan sakamakon ya fito, a miƙa wa dillalin, a nemi ya kawo ƙaramin injin gwaji mai tantani guda na inci 4 ya yi aiki da ainihin ruwanku na wasu makonni, ana rubuta matsi da yawan ruwa da gishiri kullum. A rubuta a yarjejeniya yawan ruwan da injin zai bayar, da gishirin da zai rage a cikinsa, da wutar da zai ci a kan kowane kubik mita, da wanda zai biya kuɗin sabon tantani idan na farko ya mutu kafin wa'adin da aka ambata, sannan a riƙe wani kaso na kuɗin har sai injin ya cika waɗannan sharuɗɗa a cikin majemarku.